Digirin Kimiyyar Bayanai: Daga Cike Fom Zuwa Kare Furojet

Idan aka ce “data” a Kano ko Sakkwato, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne wadda ake saya a waya don hawa intanet. Ba ita ake nufi ba a kwas ɗin da JAMB ke rubuta wa suna Data Science. Bayanai ake nufi: rajistar marasa lafiya a asibiti, farashin gero mako-mako, ruwan saman da aka auna, shige da ficen kuɗi a banki, sakamakon jarrabawa. Kimiyyar bayanai ita ce sanin yadda ake tattara irin waɗannan, a tsabtace su, a tatso amsar wata tambaya daga cikinsu, sannan a faɗi gwargwadon yadda za a iya dogara da amsar.

Tukunyar a kan duwatsun murhu uku take zaune: lissafi da ƙididdiga, rubuta kod na kwamfuta, da sanin fannin da bayanan suka fito. Yawancin masu neman kwas ɗin dutse na biyu kaɗai suke hange, saboda shi ake tallatawa. Na farkon kuwa shi ke kayar da ɗalibai, kuma shi ne ba ya koyuwa cikin gaggawa idan aka bar shi ya wuce. A kan wannan ya kamata ka gina shirinka na shekara huɗu.

A Najeriya kwas ɗin sabo ne. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da kundin manhajar karatu mai suna CCMAS, inda kimiyyar bayanai ta samu digirinta na kanta a cikin fannin kwamfuta, kusa da tsaron intanet da injiniyancin manhaja. Kundin ya tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30. Wato jami'o'i biyu za su iya ba da digiri mai suna ɗaya, amma abin da ke cikin kwanon ya sha bamban.

Kafin ka zaɓe shi a fom

Ƙofa biyu ake shiga. Ta UTME shekara huɗu ce: kiredit biyar a WAEC, NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu, ciki har da Turanci da Lissafi, kuma a mafi yawan wurare har da Fiziks. A jarrabawar JAMB Turanci dole ne, sai Lissafi, sai ragowar biyun da jami'ar ta gindaya. Kada ka dogara da abin da mai shagon kafe ya ce maka. Buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB a shafin IBASS, ka nemi sunan jami'ar da sunan kwas ɗin, ka karanta da idonka. Wanda ya haɗa darussan da ba su dace ba, ko ya ci maki 280 cikin 400 ba za a duba shi ba. Haka wanda bai ɗora sakamakon sakandarensa a kan CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, ba. Sunansa ba zai fito cikin waɗanda za a iya ba gurbi ba, yana gida yana jiran tsammani. Ƙofa ta biyu ita ce shiga kai tsaye zuwa aji biyu da ND, NCE, IJMB ko JUPEB, shekara uku ke nan. Mai bin wannan ƙofa ya sani cewa kalkulas da ƙididdigar aji ɗaya za a ɗauka ya riga ya iya su.

Tunda kwas ɗin sabo ne, tabbatar NUC ta ba wannan jami'ar izinin buɗe shi. Wanda ya kammala kwas marar izini yakan gamu da cikas wajen tafiya bautar ƙasa. Bayan nan, idan da hali, taka zuwa sashen. Tambayi 'yan aji uku su waye ke koyar da darussan ƙididdiga, shin malaman sashen ne ko aro ake yi. Leƙa ɗakin kwamfuta da rana tsaka ka ga ko akwai wuta. Nemi ganin furojet biyu ko uku na waɗanda suka gabata, in an riga an yaye wasu.

Idan jami'ar da kake iya zuwa ba ta da kwas ɗin, ba a rufe maka hanya ba. Digirin Ƙididdiga, Lissafi ko Kimiyyar Kwamfuta duk suna kai mutum wannan aiki, muddin ya cike abin da sashensa bai ba shi ba. A ganinmu tsohon sashen Ƙididdiga mai ƙwararrun malamai ya fi sabon sashe mai ƙyallin suna da malamai uku, domin mai ƙididdiga zai koyi Python, harshen rubuta kod, a hutun zango biyu, amma da wuya mai Python ya koyi ƙididdiga shi kaɗai a ɗaki.

Kwamfutar da za ka saya

Ba a yin wannan karatu da waya. Sai dai ba sai ka sayi kwamfuta mai tsadar gaske ba. Ta hannu mai lafiya ta wadatar. Nemi RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, mai gigabait 8 aƙalla, 16 in aljihu ya yarda, ko kuma wadda za a iya ƙara mata daga baya. Ma'ajiyarta ta zama SSD mai gigabait 256 ko fiye, ba tsohon faifai mai juyawa ba. Idan Intel ce, Core i5 zubi na takwas zuwa sama, saboda Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan waɗanda suka girme shi, Microsoft kuwa ta janye tallafin Windows 10 tun Oktoban 2025. Dalilin nacewa a kan RAM shi ne pandas, kayan aikin sarrafa jadawalin bayanai a Python da za ka fi riƙewa, gaba ɗaya yake ɗora fayil a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma fayil yakan kumbura idan an buɗe shi. Mai gigabait 4 za ta sandare maka ana tsakiyar aiki.

Kada a ruɗe ka da kwamfutar wasanni mai katin hoto. Tana cin batir kamar gara, ga nauyi, alhali aikin da ke buƙatar irin wannan ƙarfi za ka iya yin sa kyauta ta intanet a shafin Google Colab ko Kaggle. A inda wuta ke zuwa da tafiya, batirin da ke yin awa huɗu ya fi katin hoto amfani. Gwada shi a gaban mai shago: a cire caja, ka yi aiki na minti 30, ka ga kashi nawa ya sauka.

Aji ɗaya: inda ake ɗaure maki

Darussan shekarar farko sun yi kama da maimaicin sakandare: aljabra, kalkulas, Fiziks, gabatarwar kwamfuta, ƙididdiga ta farko da darussan GST. Nan ake sakin jiki, nan kuma ake yin asarar da ba ta ramuwa. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'i ke bi, A maki 5 ne, B 4, C 3, a ninka da nauyin kwas. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, mai bi masa daga 3.50. Ɗauki digirin da nauyinsa duka 120 ne, 30 a kowace shekara. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.50 ya tara maki 75. Don ya fita da 3.50 sai ya tara 420, wato sai ya riƙe kusan 3.83 a duk shekaru ukun da suka rage. Daraja ta ɗaya kuwa tana neman 540. Ko A zalla ya ci daga nan har ƙarshe, 525 zai tsaya. Shekara guda ta rufe ƙofar.

Ban da maki, lissafin nan shi ne harshen da za a yi maka magana da shi a aji uku. Jadawalin bayanai, mai layukan kwance na mutane da layukan tsaye na siffofinsu, matiris ne. Duk abin da kwamfuta ke yi masa ninkawa ce da juyawa irin ta liniya aljabra. Kalkulas kuma shi ke bayyana yadda na'ura ke “koyo”. Kwatanta mutumin da ke saukowa daga dutse cikin duhu: yana lalube da ƙafa ya ji ta ina gangare yake, ya yi taku ɗaya, ya sake lalubawa. Gangaren shi ne abin da difarenshiyeshin ke aunawa, tsayin dutsen kuma shi ne girman kuskuren hasashe. Idan takun ya yi faɗi sai ya tsallake kwarin, idan ya yi ƙanƙanta sai gari ya waye bai iso ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan a aji ɗaya ba zai haddace shi a aji uku ba.

Lissafi da biro da takarda ake koyonsa. Kallon bidiyo yana sa mutum jin ya gane, sai an ajiye masa tambaya ya ga wayam. Awa ɗaya kullum kana warware tambayoyi biyar zuwa goma ta fi kwanan zaune biyu ana gobe jarrabawa.

Harshe ɗaya tukuna

Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, shi ne za ka fara riƙewa. R, wani harshen kod da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland, masu ƙididdiga da binciken lafiya sun fi son sa, kuma za ka gamu da shi a aji. Kada ka kama su tare a zango ɗaya idan ba dole ba. Mai bin zomo biyu ya san yadda ake ƙarewa. Ka ba Python wata huɗu zuwa shida kana rubuta ƙananan shirye-shirye da hannunka, ba tare da ka taɓa kayan koyon na'ura ba: shirin da zai lissafa maka CGPA, wanda zai ƙirga kalmomin wani rubutu, wanda zai buɗe fayil ya fitar da layukan da aka maimaita. Sai ka wuce zuwa NumPy da pandas da Matplotlib, kayan aikin Python na lissafi, jadawali da zane.

SQL fa, harshen ciro bayanai daga rumbun bayanai? Shi ne ɗalibai suka fi rainawa, shi ne kuma aka fi tambaya a gwajin ɗaukar aiki, domin bayanan banki da kamfanin waya a rumbun bayanai suke, ba a Excel ba. SQLite, ƙaramin rumbun bayanai da za ka gwada SQL a kansa, yana zuwa tare da Python, ba sai ka sauke komai ba. Ƙware a kan zaɓo layuka, tara su rukuni-rukuni, da haɗa jadawali biyu. Wajen haɗawar nan ka saba da ɗabi'a guda: ƙirga layuka kafin haɗawa da bayanta. Idan 5,000 suka koma 7,200, wani abu ya maimaitu, kuma duk jimillar da ka fitar daga nan ƙarya ce.

Abubuwa uku ke cinye wa sababbi lokaci a banza. Sauke komai a wuri guda har kayan aiki su fara karo da juna. Maganinsa kowane aiki ya samu keɓantaccen muhallinsa da venv ko conda, ga kuma Miniconda ga mai tattalin data, don ya fi Anaconda ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sai gudanar da sassan Jupyter, manhajar da ake rubuta kod sashe-sashe a cikinta, a hargitse, na ƙasa kafin na sama, har sakamakon ya dogara da abin da aka riga aka goge. Kafin ka miƙa kowane aiki, sake kunna shi ya gudu daga farko zuwa ƙarshe. Na uku rashin ajiya. Koyi Git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren kod, tun aji biyu, ka riƙa tura aikinka GitHub, ma'ajiyar kod ta intanet, duk ranar da ka taɓa shi. Kwamfuta tana mutuwa, ana kuma sace ta a hostel.

Game da ChatGPT da ire-irensa: ka sa su yi maka bayanin saƙon kuskure, ko su duba kod ɗin da ka riga ka rubuta. Idan su ke rubuta maka aikin gida a aji ɗaya da biyu, ranar da suka ba ka kod mai gudu lafiya amma amsarsa ba daidai ba, ba ka da idon ganewa.

Ƙididdiga ita ce zuciyar digirin

Ilimin yiwuwa yana saɓa wa abin da hankali ke fara rayawa. Ga misalin aji. A ce cuta tana kama mutum 1 cikin 100. Akwai gwajin da ke gano kashi 90 na masu ita, amma yana yi wa kashi 5 na masu lafiya ƙarya. An gwada mutum 10,000. Masu cutar 100 ne, gwaji ya kama 90. Masu lafiya 9,900 ne, gwaji ya yi wa 495 ƙarya. Waɗanda aka ce suna da cutar sun zama 585, na gaskiya a cikinsu 90 kacal, wajen kashi 15. Yawancin mutane za su rantse kashi 90 ne. Wannan shi ne ƙa'idar Bayes, kuma da ita za ka fahimci tsarin gano zamba a banki da tace saƙonnin banza.

Ga wani. Asibitin farko ya karɓi mutum 1,000, 900 suka rayu. Na biyu ya karɓi 1,000, 800 suka rayu. Kafin ka yanke hukunci, raba su. A na farko masu ciwo mai sauƙi 900 ne, 855 suka rayu, kashi 95. Masu tsanani 100, 45 suka rayu. A na biyu masu sauƙi 400, 392 suka rayu, kashi 98. Masu tsanani 600, 408 suka rayu, kashi 68. Asibiti na biyu ya fi a kowane rukuni, jimilla ce ta ci amanarsa, saboda can ake tura waɗanda suka jigata. Ana kiran wannan ruɗanin Simpson. Kod ba zai nuna maka shi ba. Sai ka san yadda ake tura marasa lafiya daga ƙaramin asibiti zuwa babba kafin ka yi tunanin rabawa. Dutse na uku ke nan, wato sanin fannin.

A darussan ɗibar samfur, gwajin zato da rigireshin (auna alaƙar wani abu da wasu don yin hasashe), kada ka tsaya ga haddace dabara. Kowace dabara tana da sharuɗɗa, ka tambayi me zai faru idan sharaɗin ya karye. Kuma ka riƙe cewa yawan bayanai ba ya gyara karkatar samfur: ƙuri'ar mutum 50,000 a Facebook ba ta faɗa maka ra'ayin matan karkara da ba su da waya.

Bayanan gaske da datti suke zuwa

Fayilolin da ake koyarwa da su a aji wankakku ne. Na wurin aiki ba haka suke ba, kuma tsabtace su ne ke cin mafi yawan lokacin ma'aikaci. Daga aji biyu ka fara neman masu dattin da kanka: rahotannin farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, bayanan Bankin Duniya, gasannin kimiyyar bayanai na shafin Zindi da suka shafi matsalolin Afirka. Ga tarkunan da za ka fi takawa a ƙasar nan.

Sunayen wurare. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, wasu kuma suna ɗaya suke amsawa: akwai Bassa a Kogi da Filato, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo, Nasarawa a Kano da jihar Nasarawa. Wanda ya haɗa jadawali biyu da sunan ƙaramar hukuma kaɗai zai cakuɗa su ba tare da kwamfuta ta yi ƙorafi ba. Haɗa da jiha da ƙaramar hukuma tare, ko da lambar wuri. Ga kuma bambancin rubutu: wani ya rubuta Birnin Kudu, wani B/Kudu, wani ya bar fili a ƙarshen kalma, kwamfuta ta ɗauke su wurare uku.

Haruffa masu lanƙwasa. Idan aka adana fayil mai ɓ, ɗ, ƙ ba da tsarin UTF-8 ba, sai su koma alamar tambaya ko wasu tarkace, kuma idan aka sake adanawa a haka sun tafi ke nan. Excel yana da wasu halayen: yana cinye sifirin farkon lambar waya, yana mayar da doguwar lamba zuwa taƙaitaccen rubutun kimiyya, yana kuma juya kwanan wata. 03/04/2024 uku ga Afrilu ne a wurinmu, huɗu ga Maris a tsarin Amurka. Shigo da irin waɗannan a matsayin rubutu, ka rubuta kwanan wata shekara, wata, rana. Asalin fayil kuwa kada ka taɓa shi. Yi aiki a kan kwafi, kowane gyara ya zama a cikin kod yadda za a iya maimaita shi.

Lambobin da ba lambobi ba. A bincike da yawa 98 na nufin “ban sani ba”, 99 ko 999 na nufin babu amsa. Ka haɗa su cikin matsakaici sai ka ga yara masu shekara biyu suna da nauyin buhun masara. Shi ya sa ake karanta kundin bayanin lambobi kafin a buɗe fayil. Shekarun haihuwa ma da nasu: inda ba a rajistar haihuwa sosai, mutane kan ce 30, 35, 40, sai zanen ya yi tsini a kan masu ƙarewa da 0 da 5. Tara su rukunin shekara biyar-biyar yana rage ɓarnar.

Nauyin samfur. A bincike irin NDHS na 2018, binciken al'umma da lafiya na ƙasa, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ba kowace mace a fayil ke wakiltar adadin mata iri ɗaya ba. Akwai layin nauyi mai suna v005, ana raba shi da 1,000,000 kafin a yi amfani da shi. Wanda ya manta da shi zai fitar da alƙaluman da suka saɓa wa rahoton hukuma ya rasa dalili. Haka nan ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, duk adadin mutanen wata ƙaramar hukuma na yau hasashe ne. Idan ka ga rigakafi ya kai kashi 130 cikin 100 a wani wuri, fara tuhumar adadin da aka raba da shi.

Koyon na'ura, da yadda yake yaudarar mai shi

A aji uku za a kawo abin da kowa ke ɗoki: koyon na'ura, wato horar da kwamfuta ta yi hasashe daga misalan da aka ba ta. Ƙa'idar farko ita ce raba bayanai: galibi kashi 80 na horarwa, 20 a kulle su sai ranar gwaji. Idan kana leƙa na gwajin kana gyara tsarinka, ka zama malamin da ya ba ɗalibi tambayoyin jarrabawa tun dare. Ko daidaita ma'aunin lambobi da cike guraben da babu komai, daga ɓangaren horarwa kaɗai ake lissafa su.

Sakamakon da ya yi kyau fiye da kima abin tuhuma ne. A ce kana hasashen wanda zai kasa biyan bashi, cikin bayanan kuma akwai yawan kiran da masu karɓar bashi suka yi masa. Tsarin zai ci kashi 99, amma ai ba a kiran mutum sai ya riga ya kasa biya. Ranar ba da bashi wannan bayani babu shi. Ga kowane layin tsaye ka tambaya: a lokacin da za a yi hasashen, an san wannan? Sannan kada kaso na dacewa ya ruɗe ka. Cikin mu'amala 1,000 idan 20 ne na zamba, tsarin da ya ce duka halal ne ya dace kashi 98 bai kama ɓarawo ko ɗaya ba. Duba nawa ya kama cikin 20 ɗin, da kuma mutanen kirki nawa ya zarga.

Fara da mafi sauƙi kullum. Rigireshin da za ka iya yi wa shugaban ma'aikata bayaninsa cikin minti biyu ya fi tsari mai zurfi da ya ɗara shi da ɗigo ɗaya, musamman idan layukanka ba su wuce ɗari biyar ba.

SIWES

Horon sanin makamar aiki, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, ke kula da shi, wasu jami'o'i wata shida suke yin sa a jere, wasu su raba shi gida biyu. Fara neman wuri zango guda kafin lokaci. Ma'auninka guda ne: za a bar ka ka taɓa bayanai? Hukumomin ƙididdiga na jihohi, sashen sa ido da tantance ayyuka na ma'aikatun lafiya da ƙungiyoyin agaji inda ake aiki da manhajojin tattara bayanai irin DHIS2 da KoboToolbox, bankuna, kamfanonin rarraba wuta, duk wurare ne da suka dace. Ƙaramin ofis da zai damƙa maka rajistarsa ya fi babban kamfani da za ka wuni kana fotokwafi. Cike littafin aikinka kullum, ka rubuta takamaiman abin da ka yi. Kada ka kwafi bayanan ma'aikata zuwa filashinka, ballantana GitHub.

Furojet na aji huɗu

Da tambaya ake farawa, ba da dabara ba. “Amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen bunƙasa noma” ba take ba ne, buri ne. “Shin farashin gero na makonni huɗu da suka wuce a kasuwanni uku zai iya hasashen na mako mai zuwa?” wannan tambaya ce da za a iya amsawa. Kafin ka kai wa malamin da zai duba ka, tabbatar bayanan suna hannunka ko ka san ranar da za su zo. Furojet da yawa sun maƙale ne saboda an amince da take, sannan ofishin da ake sa rai ya hana fayil.

Ɗauki misalin geron. Idan da kanka za ka tattara, tsara fom a KoboToolbox, yana aiki ba intanet, ya tura idan an samu sabis. Gwada fom ɗin a kan 'yan kasuwa biyar kafin ka fita da gaske. Mudu da tiya ba girmansu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka tafi da sikeli, ka auna, ka mayar da komai naira a kan kilo. Rubuta ko farashin sari ne ko na ɗai-ɗai, sabon gero ne ko tsoho, kuma ka riƙa zuwa ranar kasuwa a lokaci iri ɗaya. Idan bayanan sun ratsa shekaru, cire tasirin hauhawar farashi da ma'aunin NBS, in ba haka ba tsarinka faɗuwar darajar naira kawai zai koya. Ka tuna farashi kan sauka da kaka ya hau kafin sabon amfani ya shigo. Bayanan wata uku ba za su nuna wannan zagaye ba, sai ka faɗi haka a rubutunka.

Bayanan da ke bin lokaci ba a yamutsa su kafin rabawa. Horar da na farko, gwada da na ƙarshe. Sai ka kafa ma'aunin kwatance mafi arha: farashin mako mai zuwa daidai yake da na wannan mako. Idan wannan yana kuskure da naira 40 a kilo, naka kuma 38, faɗi gaskiya cewa ribar kaɗan ce. Masu jarrabawar da suka san aiki sun fi girmama wannan a kan kashi 99 da ba a iya karewa.

Idan bayanan na mutane ne, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta hau kanka, hukumar NDPC ke kula da ita, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda ta fi tsaurarawa. Nemi yardar mutane, ka nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike tun farkon zango, don yakan ɗauki makonni. Goge suna bai isa ba: a ƙaramin ƙauye, mace mai shekara 47 da ta haifi tagwaye kowa ya san ta. Tara shekaru rukuni-rukuni, ka ambaci gunduma maimakon ƙauye.

Raba lokacinka da sanin cewa tattarawa da tsabtacewa za su ci kusan rabinsa, ka fara rubutu tun kana aiki, ka bar mako biyu na gyaran malami. A kowane zane sa take, ma'auni da adadin mutanen da aka ƙirga. Ranar karewa ka zo da kwamfuta cike da caji, kod ɗin da ka gudanar daga farko zuwa ƙarshe a daren jiya, da hotunan sakamakon a filashi ko da intanet ya ƙi. Tambayoyi uku kusan ba sa wuce kowa: daga ina bayanan suka fito, layuka nawa ka zubar kuma don me, da me ka kwatanta sakamakonka. Rubuta amsoshinsu a takarda ɗaya, da alƙalumansu, ka shiga da ita.